Tikiti 6, mutum 19: wa za a ba, wa za a hana?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau ba gardamar wa ya fi wa iya taka leda na kawo ba, shawara nake nema, don tun jiya kaina ya ɗau zafi. Wasunku sun san ni ne sakataren ɗan reshen magoya bayan ƙungiyarmu a nan Birmingham. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, na san halinku, yanzu sai ku saki zancen ku koma tonon wanda ya sha kashi a bara. Mu 41 ne a littafi. Wasan da za mu je Bournemouth wata mai kamawa, tikiti 6 kacal ya faɗo wa reshenmu, mutum 19 suka rubuta suna. A da ciyaman ne yake zama shi kaɗai ya ce wane da wane. Bana ya ce ya gaji da shan zagi, ya turo mini littafin ya kashe wayarsa. Dattawanmu sun ce a bi yawan zuwa, wanda ya fi halartar wasannin waje shi ne a gaba. Matasa sun ce a jefa ƙuri'a, tunda kuɗin shekara ɗaya kowa yake biya. Ga ni nan, gaba kura baya sayaki.

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam. Ku kuna rigima kan wa zai shiga fili, mu a nan Kurna rigimarmu a gidan kallo kan wa zai zauna kusa da fanka ce in an tada janareta. Allah ya kai mu matsayinku. Amma tsakani da Allah, tikiti 6? Filin nasu akurkin kaji ne?

Ɗan Fagge: Saura kaɗan, Abban Sadiq. Filin Bournemouth mutum 11,300 da 'yan kai yake ci gaba ɗaya. Dokar gasar Firimiya ta ce mai masauki ya ware wa baƙi kujera 3,000, in kuma filinsa bai kai 30,000 ba, to kashi 10 cikin 100. Wannan shi ne mafi ƙaranci, abin da baƙi suke samu a can wajen 1,300 ne, kuma na magoya bayanmu na duk faɗin ƙasar ne. A ciki za a cire na iyalan 'yan wasa da ma'aikata da masu manyan kujeru, sai masu tikitin kaka da suka tara makin zuwa wasannin waje, ragowar shi ake yayyafa wa rassa irin namu. Kai ko Old Trafford mai cin 74,000, wajen 3,000 ɗin nan dai baƙi suke samu. Mu da muka samu 6 har murna muka yi.

Kawu Ɗanladi: Sakatare, tunda ka kawo maganar kasuwa, ni ma bari in baje tawa hajar, don ina cikin dattawan da kake nufi. Na shigo ƙasar nan a 1994. Akwai shekarun da ƙungiyar nan ba ta cin komai, mako-mako ana lallasa mu, tikitin wasan waje har roƙon mutane ake yi su karɓa. Mu huɗu ne muke cika mota ɗaya. Na je wasan kofi ran Talata da dare a arewacin Ingila, ruwa kamar da bakin ƙwarya, sanyi ya hana ni jin yatsun ƙafata, aka ci mu, motar ta lalace a hanya, na shiga gida ƙarfe 3 na dare, ƙarfe 6 ina bakin aiki. Sallar magariba da isha a bayan mota muka yi su a wurin shan mai, kan kwali. A lokacin ina masu neman ƙuri'a? Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Yanzu da miya ta dawo da nama, sai a ce ni da yaron da ya yi rajista watan jiya mu zuba suna a hula ɗaya?

Ɗalibin Coventry: Kawu, Allah ya ƙara girma, ni ne yaron watan jiyan, sai dai ba watan jiya ba ne, wannan ce kakata ta biyu. Ba wanda ya musa wahalar da kuka sha. Amma a duba mini wannan lissafin. Ba a ba ka tikiti sai kana da maki. Ba ka samun maki sai an ba ka tikiti ka je. To ta wace ƙofa zan shiga? Kamar masu ɗaukar aiki ne da suke cewa sai wanda ya taɓa aiki. Kaka biyu ina biyan kuɗin reshe, ina zuwa taro, ni nake ɗauko kujeru ina mayarwa, ko sau ɗaya ƙafata ba ta taka filin wasu ba.

Kawu Ɗanladi: Ɗana, yadda muka fara za ka fara. Ka je ƙananan wasannin da ba mai so, ka tara naka.

Ɗalibin Coventry: Kawu, wane wasa ne ba mai so yanzu? Wallahi ko wasan kofin tsakiyar mako kafin ya iso kanmu ya ƙare. Ƙofar da kuka bi kuka shiga an toshe ta da bulo.

Kawu Ɗanladi: Wannan kam ka faɗi gaskiya, kuma na san dalili. A da kuɗi ne yake tace mutane. A Janairun 2013 Arsenal ta sayar wa magoya bayan Manchester City tikitin waje fam 62, har City ta mayar da wajen 900 don an ƙi saye. Daga nan magoya baya na ƙungiyoyi daban-daban suka haɗa kai suna neman a mayar da shi fam 20. Ba a ba su 20 ba, amma daga kakar 2016/17 aka yanke cewa tikitin baƙi a Firimiya kar ya wuce fam 30. Alheri ne babba, ni ma na ji daɗinsa a aljihuna. Sai dai ya zama tikitin waje ya fi na gida araha a wurare da yawa, kujerun kuma ba su ƙaru ba. Kowa ya taso.

Maman Ilham: Sannunku da muhawara. Ni ba 'yar reshenku ba ce, a Leicester nake, amma ciwon iri ɗaya ne. Kawu, ina da tambaya. Shi wannan maki da ake ta magana, me yake aunawa? Ƙaunar ƙungiya, ko kuwa sarari da kuɗin mota? Ni aikin jinya nake yi, Asabar biyu cikin huɗu ina asibiti. Wanda yake da shagonsa zai rufe ya tafi duk inda ya ga dama. Ni ko zuciyata za ta fashe don son ƙungiyar nan ba zan taɓa kamo shi a maki ba. Ga ɗana ɗan shekara 11, jadawalin kaka gaba ɗaya yana manne a jikin firij, ya ja layi da biro a ƙarƙashin wasannin waje, kullum tambayarsa yaushe za mu. In aka bi maki zalla, sai ya yi gemu kafin layi ya zo kansa. Ku duba ɓangaren baƙi a talabijin ku gani, yara nawa ne a ciki?

Abban Sadiq: Hajiya ta kawo magana. Kawu, a ba marayu haƙƙinsu.

Kawu Ɗanladi: Kai Abban Sadiq, kai da ko filin jirgin Kano ba ka wuce ba, zauna kusa da fankarka.

Abban Sadiq: Na zauna Kawu, amma ko daga nan ina hango son kai 😂

Malam Na Zariya: Ina bibiyarku tun ɗazu. Bari in ɗan sa baki a kan ƙuri'a, don na ga kamar wasu suna ɗaukarta caca, wasu kuma suna ɗaukarta ita ce adalci gaba ɗaya. Ƙuri'a tana da asali. Ya tabbata daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi tafiya yakan jefa ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta da ita zai tafi. To amma ku lura da wurin da ake yin ta. Ana yin ta ne idan masu haƙƙi sun yi kunnen doki, babu abin da zai fifita wani a kan wani. Don haka tambayar da ke gaban sakatare ba wai ƙuri'a ta halatta ko ba ta halatta ba. Tambayar ita ce, mutum 19 ɗin nan haƙƙinsu ɗaya ne? In kuɗin shekara ne kaɗai ma'auni, ɗaya ne. In an taɓa yi wa mutane alkawari cewa zuwansu zai amfane su gaba, suka kashe kuɗinsu a kan haka, to alkawari kaya ne, ba a sauke shi rana tsaka.

Ɗan Fagge: Malam, Allah ya saka da alheri. Ba a rubuce yake ba, amma kowa ya san da haka ake tafiya tun kafin in zo.

Malam Na Zariya: To abin da aka saba a kai shi ma yana da nauyinsa.

Na Maraɗi: Ni dai ban ga abin wahala ba. Ku yi adashi mana. Wasannin waje 19 ne a kaka, ko ba haka ba? Ku jera sunaye, wanda ya ɗauka yau ya koma ƙarshen layi, kamar yadda mata suke yi a kowace unguwa ba tare da an kai ƙara wurin mai gari ba.

Ɗan Fagge: Na Maraɗi, na yi wannan tunanin. Matsalar ita ce a adashi kwasar kowa daidai take. A nan kuwa ba haka ba. Wani layinsa zai faɗo ranar babban wasan hamayya, wani kuma ya faɗo ranar da za a tafi Newcastle, a kai ka can ƙololuwar bene kana hango 'yan wasa kamar tururuwa. Kuma ba kowane wasa ake ba mu 6 ba, wani 10, wani 2, wani ko ɗaya. Ranar da aka ba mu 2 wa zai yarda kwasarsa ce ta zo a rabi?

Na Maraɗi: To ai ko a adashin akwai mai neman a ba ta kwasar gab da salla. Uwar adashi ce take shan baƙin jini, kai ne uwar adashin yanzu, haƙuri za ka yi.

Injiniya Frankfurt: Ni abin da yake ba ni mamaki da ku na Ingila, kuna ta yaƙi a kan ɗan guntun ƙashi, ba mai tambayar wa ya cinye naman. A nan Jamus kashi 10 cikin 100 na fili na baƙi ne, komai girmansa. Filin Dortmund yana cin sama da 81,000, lissafa ka ga abin da baƙi suke samu. Ku kuwa an tsaya a 3,000 ko da filin ya ninka haka sau 20. A gasannin Turai ma kashi 5 ne kawai. Kun tuna abin da ya faru a Afrilun 2022? Barcelona ta ba Eintracht Frankfurt tikiti 5,000 a Camp Nou, mutanen garin nan wajen 30,000 suka shiga sanye da fararen kaya, sun saye kujerun masu gida ta kowace hanya, suka kuma ci 3-2. Ina garin nan a daren, ba wanda ya yi barci. In buƙata ta fi abin da aka ware, ruwa sai ya nemi hanyarsa.

Gunner Ɗan Gombe: Injiniya ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Wasan ƙarshe na kofin Europa a Baku, 2019. Fili mai cin sama da 60,000, aka ba Arsenal 6,000, aka ba Chelsea 6,000. Ƙungiyoyi biyu na birni ɗaya, aka kwashe su zuwa Azarbaijan. Ga tsadar jirgi, ga nisa, har wannan ɗan kason ma ba a iya cinye shi ba.

Abban Sadiq: Gara da ba ku je da yawa ba, 4-1 fa aka yi muku. An rage masu kuka a hanya.

Gunner Ɗan Gombe: Sakatare ka ga abin da ka ce ko? Tun ba a je ko'ina ba an fara.

Ɗan Fagge: Don Allah a dawo kan layi. Injiniya, maganarka gaskiya ce, ko a nan ma a kofin FA kason baƙi yakan kai kashi 15, shi ya sa ranar kofi ba na samun ciwon kai. Kuma in an ga namu an raina, a leƙa Glasgow: a 2018 Rangers ta zaftare kason magoya bayan Celtic daga wajen 7,000 zuwa ƙasa da 1,000, Celtic ta rama, har aka kai ga buga wasannin hamayyarsu babu baƙo ko ɗaya. Amma ni ba ni da ikon ƙara kujera a filin kowa. 6 ne a hannuna. Kuma akwai abin da ban faɗa ba, ina ta juya shi a raina. Da na karɓi littafin na zauna na bi shi layi-layi. Mutum na biyu a yawan maki, kaka biyu ke nan ban gan shi a mota ba, ban gan shi a fili ba. Amma kowane wasa sunansa yana ciki, an karɓi tikiti, an rubuta masa maki. Na tambayi waɗanda suke zuwa, suka ce ai kullum wata sabuwar fuska ce take zama a kujerarsa. Yau ɗan'uwan matarsa, gobe abokin aikinsa, jibi wani da ba wanda ya sani, har ranar nan aka ga wanda ko waƙoƙinmu bai iya ba, da aka ci mu ma murmushi yake yi.

Ɗalibin Coventry: Innalillahi. Ashe ni ina ɗaukar kujeru, wani yana kwance a gida maki yana haihuwa.

Maman Ilham: Kun gani ko? Ba a reshenku kaɗai ba ne, ko'ina haka ake yi. Mai maki ba zai taɓa barin wasa ya wuce ba ko da ba zai je ba, don in ya bari na bayansa zai kamo shi. Sai ya saya ya miƙa wa wani. Shi wanda ya je ɗin ba a rubuta masa komai, shi da ya sha sanyin. Maki ya zama gona, ana ba da haya.

Barista: Sakatare, ka yi hattara da wannan, ya wuce maganar rashin kyautawa. A Ingila da Wales sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin masu wasan ba laifi ne tun dokar 1994. Ko da a ce kyauta yake bayarwa, sharuɗɗan da ke jikin tikitin galibi sun hana a miƙa wa wani ba ta hanyar da ƙungiya ta amince ba. Manyan ƙungiyoyi da dama yanzu sukan zaɓi wasu sunaye su ce sai mutum ya zo da kansa da katin shaida ya karɓa a garin da ake wasan, musamman wasannin Turai. Ranar da aka kira sunan mutuminku bai bayyana ba, ko baƙon da ya ba ya kunna wani abu ko ya yi faɗa, ba shi kaɗai zai shafa ba, reshen za a iya yanke wa kaso gaba ɗaya. Wannan 6 ɗin da kuke rainawa sai ku neme ta ku rasa.

Kawu Ɗanladi: Na san wanda ake nufi, ba kuma zan kare shi ba. Na yi masa magana sau biyu a keɓe. Amma kar a haɗa mu a kwando ɗaya. Ni duk makin da ke gaban sunana da ƙafata na je na ɗauko shi. Don ɓera ya yi ɓarna ba a cinna wa rumbu wuta. A cire mai aron suna, a bar tsarin.

Masu Gida Sai Mu: Ni daga Kano nake bibiya, kuma dariya nake yi, don wannan rigimar mun san ta, sunanta ne kawai daban. Mu a nan ba tikiti ne matsala ba, in ka isa garin mutane za ka shiga ko ta yaya, fitowa lafiya ita ce abin addu'a. Rigimarmu kujerar mota ce. An taɓa ba mu bas mai cin 18 zuwa wani wasa a kudu, mu sama da 40 a tasha tun asuba da ganguna da kakaki. Masu kiɗa dole su shiga, don ba su ba armashi. Sai shugabanni. Sai yaran shugabanni. Kafin ka ce kwabo saura kujera 3. Wani dattijo da ya fi shekara 20 yana bin ƙungiyar, da gorar ruwansa da 'yar jakarsa, aka bar shi tsaye yana kallon mota tana fita, a ciki kuwa har da wanda zai sauka a hanya ne wurin bikin ɗan'uwansa. Tun ranar na daina yarda da duk rabon da mutum ɗaya zai yi a ɗaki. Ko me za ku yi, ku kafe shi a bango kowa ya gani.

Ɗan Fagge: Wannan ita ce maganar da ta fi shiga raina. Ga abin da nake tunanin kai wa taro. Ba ni na ƙirƙiro ba, ƙungiyar magoya bayan tawagar Ingila masu bin ta ƙasashen waje haka take yi in tikiti ya yi kaɗan: kashi 70 na waɗanda suka fi maki, kashi 30 a jefa ƙuri'a tsakanin sauran. A namu 6 ɗin, 4 na masu maki, 2 na ƙuri'a. Wanda ya ci ƙuri'a ya je, a rubuta masa makinsa, ya kuma huta wasa uku kafin ya sake shiga hula. Ba a rubuta wa kowa maki sai an gan shi a fili da ido, a ɗauki hoto gaba ɗaya a tura zaure. Wanda uzuri ya taso masa ya dawo da tikiti ga reshe, ba ya ba wanda ya ga dama ba. Sannan makin kaka biyu na baya kawai za a riƙa ƙirgawa, ba tun daga zamanin Annabi Nuhu ba.

Ɗalibin Coventry: Ni na yarda. 2 cikin 15 ba yawa, amma ƙofa ce.

Maman Ilham: Saura abu ɗaya. In mai yaro ya ci ƙuri'a fa? Kujera ɗaya ba ta yi masa amfani, ba zai tura ɗan shekara 11 shi kaɗai ba. Ko dai a bar uwa da ɗa su shiga da suna ɗaya su ɗauki biyun, ko kuwa kun rufe wa yara ƙofa ba ku sani ba.

Ɗalibin Coventry: Anti, in suka ɗauki biyun ai mu kuma an gama da mu ranar.

Maman Ilham: Ka ji ka. Ko shiga ba ka yi ba har ka fara tura ƙyauren.

Kawu Ɗanladi: Hajiya kin rama mini, na gode. Sakatare, 4 da 2 zan iya haɗiyewa, ko da yake da ɗaci. Hoto ma na yarda, wanda ba ya zuwa ne zai ji tsoronsa. Amma maganar kaka biyu ban yarda ba, kuma zan faɗa a taro da babbar murya. Bara waccan aka yi mini aiki a gwiwa, wata 7 ban taka fili ba, kai ma ka zo duba ni. Da wannan dokar taka tana aiki, da shekara 30 ta tafi a banza saboda wuƙar likita. Wanda matarsa ta haihu fa? Wanda ya tafi gida jinyar mahaifiyarsa? Ku da kuke cewa maki yana auna sarari ne ba ƙauna ba, to wannan dokar ta fi kowacce hukunta wanda sarari ya ƙwace masa.

Barista: Sai a sa cewa mai uzurin rashin lafiya ko rasuwa a daskarar masa da makinsa har ya dawo.

Na Maraɗi: Wa zai tantance uzurin? Kun dawo wurin mutum ɗaya a ɗaki ke nan.

Malam Na Zariya: A sa mutum uku, ɗaya daga dattawa, ɗaya daga matasa, ɗaya wanda ba ya neman tikitin wannan wasan.

Abban Sadiq: Ni ne na ukun. Ba na neman komai, ko biza ba ni da ita. A riƙa turo mini kuɗin zama ta waya.

Injiniya Frankfurt: Kwamiti a kan kujera 6. Wallahi Bahaushe ko a duniyar wata ya je sai ya naɗa ciyaman da ma'aji.

Ɗan Fagge: Jama'a ku tsaya, sabon labari. Yanzun nan saƙo ya shigo, masu talabijin sun ɗauke wasan daga Asabar sun kai shi Litinin ƙarfe 8 na dare. Daga nan zuwa can tafiyar sama da awa uku ce a mota, ke nan sai wajen ƙarfe 2 za a dawo gida, Talata kuma aiki. Na tura a zauren reshe minti 20 da suka wuce. Cikin 19, mutum 12 sun riga sun janye.

Kawu Ɗanladi: Ni ina nan. Motata tana cin 5.

Ɗalibin Coventry: Ni ma ina nan Kawu. Ina da lacca ƙarfe 9 ran Talata, zan yi barcina a mota.

Kawu Ɗanladi: Ba a barci a motata, na gaba aikinsa hira da direba. Ka zo da kuɗin mai da rigar sanyi mai kauri, iskar bakin teku ba ta san ɗalibi ba.

Ɗan Fagge: Saura 7 a kan kujera 6. Kuma mai aron sunan nan yana cikin waɗanda ba su janye ba.

Barista: Ka kira shi a waya ka ce ranar da kanka za ka miƙa wa kowa tikitinsa a bakin ƙofar fili.

Ɗan Fagge: Na kira sau biyu, tana ta ƙara ba a ɗauka. Bari in gwada lambar ciyaman, ko ya kunna tasa.